Inna, Ban Ci a Ɓoye Ba

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Malama Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Baba yana nan da sauran ƙarfinsa, sai dai gwiwa ta fara hana shi tsugunno. Yaya Sabo ne yake riƙe da gonar fadama yanzu, kuma bana tattasai ya yi kyau. Ni ce Bilkisu, autarki. Na girma, na yi aure, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Haɗejiya.

Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, tunda ajami kika iya. Na ajiye ta inda mutane za su gani ne saboda akwai maganar da ta rage tsakanina da ke, kuma na lura ba a gidanmu kaɗai aka yi irinta ba.

Ina shekara bakwai ciwon suga ya kama ni, kuma ke kika fara ganewa. Kin ga ina ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, na koma fitsarin kwance bayan na daɗe da dainawa, ina ci amma ina ramewa. Ranar da kika ga kiyashi sun taru inda na tsuguna a bayan gida, ba ki jira Baba ya dawo daga gona ba. Mayafi kawai kika ja, kika goya ni duk girmana.

A asibiti aka ce jikina ya daina yin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi inda jiki zai yi amfani da shi, kuma ba zai sake yi ba. Sai allura safe da yamma, har iya rayuwa.

Mata suka zo jaje. Ina kwance a tabarma na ji wata tana cewa yara masu wannan ciwon ba sa daɗewa, gara ki sa haƙuri tun yanzu. Kika ce mata, "Wannan za ta daɗe." Daga nan kika tashi kika koma wajen bandarki kina juya kifi, kika bar ta zaune.

Ke da ba kya iya kallon a yi wa yaro rigakafi, kika koyi yin allura. A jikin lemo kika yi ta gwadawa har kika ƙware. Ba mu da firij, ko da muna da shi ma wutar ba ta tsayawa, sai kika samo ƙaramin tulu kika binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Nan kwalbar maganin take zama. Kafin ki taɓa ni sai kin wanke hannu da sabulu kin sake wankewa, amma ƙamshin hayaƙin banda ba ya barin yatsunki. In kin zare allurar sai ki hura mini wurin. Har na yi wayo ina zaton hurawar ma tana cikin maganin.

Sai kuma abin da ya faru ina shekara tara. Na bar tuwon rana ban cinye ba, na bi yara bakin kogi muna ta guje-guje. Da na dawo ban wuce zaure ba na faɗi ina kakkarwa, idanuna suka juye. Suga ne ya faɗi ƙasa. An ce da zuma kika yi ta shafa mini a dadashi kina kiran sunana har na farfaɗo. Ni ban tuna komai ba sai fuskarki da na gani a kaina. Tun daga ranar kika ɗauki tsoron yawan allura. Kina cewa, "Na ga abin da take yi in ta yi wa yaro yawa. Ba zan sake gani ba."

Duk da haka shekarun da suka biyo baya masu daɗi ne. Kin san jikina fiye da yadda na san shi. Kina auna mini tuwo, ki cika mini kwano da zogale da kifi. Baba ya samo mana na'urar gwajin suga, kina huda mini yatsa da safe ki ɗiga jinin, lambar ta fito daidai, ki ce alhamdulillahi. A asibiti da ke ake ba wa wasu misali. Na san kina jin daɗin hakan ko da ba ki nuna ba.

Da na shiga shekara goma sha uku komai ya rikice.

Na fara tsawo, zannuwana suka ɗage, na fara ƙirgen dangi. Wata irin yunwa ta taso mini wadda ban taɓa sani ba. In na gama cin abin da kika auna sai in ji kamar ban fara ba. Lambar na'ura kuma ta fara hawa, musamman da safe. Abin da kika ba ni da daddare kawai na ci, na kwana a ɗakinki, amma gari na wayewa lambar ta yi sama kamar na kwana shan rake.

Muka je asibiti. Layin masu suga duk dattawa ne, maza da mata, ni kaɗai ce yarinya. Ma'aikacin da ya gan mu mutane sun yi masa yawa. Ya duba lambobin ya ce, "Ko dai ana tsallake allura, ko kuma yarinyar tana ci a ɓoye. In suka kai wannan shekarun haka suke." Ya ɗan ƙara adadin allurar kaɗan, ya kira na gaba. Ƙarin bai yi komai ba, ke kuma ba ki so a wuce nan.

Inna, kin san ba ki taɓa tsallake allura ko sau ɗaya ba. Don haka amsa ɗaya ce ta rage miki.

Kika rage tuwon. Kika sa wa ɗakin girki kwaɗo, makullin yana ƙulle a bakin zaninki. Kika je har ƙofar makarantarmu kika roƙi mai awara da mai ƙosai kada su sayar mini. In na dawo sai ki zazzage jakata, ki ce in buɗe baki ki shinshina. Biki da suna kika daina zuwa da ni. Kullum tambayar ɗaya ce: "Me kika ci, Bilki?" Kullum amsar ɗaya ce. Da farko ina faɗa da kuka, daga baya da tsawa, daga baya na daina ɗaga kai.

Wata rana da yamma na dawo daga Islamiyya da alwalata. Na ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta, na zo gabanki na ɗora hannu na rantse cewa ban ci komai ba sai abin da kika ba ni. Kika karɓe shi daga hannuna kika mayar, kika ce, "Allah Ya sa gaskiya ne." Ranar har kin ƙara mini miya. Na kwanta da murna, ina ganin an gama.

Da safe kika huda yatsana. Lambar ta fi ta jiya.

Ba ki dake ni ba, ba ki yi faɗa ba. Kin daɗe kina kallon na'urar, sannan kika ce a hankali, "Wannan ba ta san ƙarya ba, Bilki." Bayan sallar magariba na ji ki a kan darduma kina roƙon Allah Ya yafe mini rantsuwar da na yi, kina cewa yarinya ce, ba ta san nauyin abin ba. Duk abin da ya faru tsakaninmu, wannan addu'ar ce ta fi yi mini ciwo.

Daga nan na rufe bakina. Na ce zan riƙa yi wa kaina allura, kika miƙo mini sirinjin, kika tsaya a kaina kina duba adadin. Muna ɗaki ɗaya, muna kwana kusa da juna, amma sai mu wuni ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa da aike.

Akwai abubuwan da ban faɗa miki ba a lokacin. Ina barci a aji. Rubutun allo yana yi mini hazo. Ƙishirwa ta dawo. Akwai wani ƙaiƙayi da ya dame ni a inda nake kunyar ambata, na yi ta fama da shi ni kaɗai, don na san in na faɗa za a koma kan maganar ci. Tsawon da na fara ya tsaya. Sa'annina duk suka fara al'ada, suna raɗa suna dariya in ɗaya ta zauna ba ta yi salla ba, ni ko shiru. Goggo Talatu, ƙanwar Baba, ta dube ni wata rana ta ce, "Yarinyar nan kamar an danne ta." Kika ce mata ai ni na san abin da nake yi wa kaina.

Haka muka yi kusan shekara biyu.

Sai shekarar da kogi ya ƙetare jinga ruwa ya shigo unguwarmu. Kowa yana ɗaukar abin da ya fi masa muhimmanci. Kwandunan kifinki na banda suna nan jere, aikin makonni, kika bar su. Tulun maganina kika tono daga yashi, kika naɗe shi da zani kika ɗora a ka. Ina bayanki ruwa har ƙugu, hannunki ɗaya a kan tulun, ɗaya a baya yana riƙe da nawa, har muka hau tudu gidan Goggo. Ina kallon bayan wuyanki, na so in yi miki magana. Ban san da me zan fara ba.

A gidan Goggo zazzaɓi ya kwantar da ke. Muka ɗauka na damina ne da aka saba. Aka yi magani ya ƙi, aka kai ki asibiti aka dawo, kullum sai ƙara yin ƙasa kike.

Ranar da za ki rasu da hantsi kika sa aka kira ni. Kika kama wuyan hannuna, kika zagaye shi da yatsu biyu kina jin yadda ya sirance. Muryarki da ƙyar take fita. Kika ce, "Bilki, ba ni da abin da zan roƙe ki sai ɗaya. Ki daina ci a ɓoye. Ba zan kasance nan in duba ki ba. Ki yi mini wannan."

Inna, na duba fuskarki na ga tsoro. Na san in na ce ban ci ba, za ki tafi da cewa har a wannan lokacin ƙarya nake miki. Sai na ce, "To, Inna. Na daina."

Kika lumshe ido, kika saki hannuna. Na ga hankalinki ya kwanta. Kafin la'asar kin cika.

Na yi shekaru ina juya wannan "to" ɗin. Wani lokaci in ce gara da na faɗa, kin tafi cikin natsuwa. Wani lokaci in ce na sa hannu a kan laifin da ban yi ba, kuma ba sauran damar gyarawa. Har yau ban tsayar da ɗaya ba.

Bayan rasuwarki na ci gaba da komai yadda kika bari. Adadin allura ɗaya, tuwo ɗaya. Ba kwaɗo a ɗakin girki, amma ban taɓa ƙarawa ba, don na yi miki alkawari. Watanni kaɗan bayan haka na kama mura, sai amai, sai ciwon ciki, sai numfashi mai nauyi kamar na yi gudu. Baba da Yaya Sabo suka kai ni asibiti, daga can aka ce a wuce da ni Kano. Ban san lokacin da muka isa ba. Na farka na ga ana yi mini ƙarin ruwa a hannu biyu, Baba yana zaune a ƙasa kusa da gadon, hularsa a gwiwa.

Likitar da ta duba ni mace ce, kuma masu suga yara take gani. Da na samu sauƙi ta zauna a bakin gadon ta tambayi shekaruna, na ce sha biyar. Ta tambaya ko na fara al'ada, na ce a'a. Ta sa aka auna tsawona da nauyina. Ta tambayi adadin allurar da nake yi, da tun yaushe. Da Baba ya faɗa mata sai ta ajiye biro ta dube mu.

Bari in faɗa miki abin da ta ce, Inna, yadda na riƙe shi, don ke ya kamata a faɗa wa.

Ta ce in yaro ya fara balaga, jikinsa yana fitar da sinadaran girma, waɗanda ke ƙara masa tsawo su mayar da shi namiji ko mace. Waɗannan sinadaran suna sa jiki ya yi taurin kai, ya daina jin insulin yadda yake ji da. Kowane yaro haka yake, sai dai mai lafiya jikinsa yana ƙara yin insulin da kansa ba wanda ya sani. Irina kuwa sai an ƙara masa da hannu, kuma ƙari mai yawa, ana yi ana dubawa. Ta ce sinadarin girma ya fi fita lokacin barci, shi ya sa lambar safe take hawa ko da yaro bai sa komai a baki ba. Ta ce yunwar da nake ji ta gaskiya ce, jiki ne yake neman abin gini. An rage mini abinci, insulin kuma bai isa ya shigar da ɗan wanda na ci ba, sai jikina ya koma cin kansa. Abin da ya ramar da ni ke nan, ya tsayar da tsawona, ya hana al'ada zuwa.

Baba ya juya ya dubi likitar. Sannan ya ce, "Likita, wato ba sai ta ci wani abu a ɓoye ba?"

Ta ce, "Baba, ko ruwa kaɗai ta sha ta kwanta, da wannan adadin haka za ku gani da safe."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar jana'izarki. Ranar ma ban gani ba, don tashi ya yi ya fita. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya gyara mini bargo.

Aka ƙara mini allura har ta kusa ninka wadda kika sani, aka raba ta kashi-kashi, aka koya mana yadda ake gane faɗuwar suga tun kafin ta kayar da mutum. Aka ce in ci in ƙoshi, sai dai in san abin da nake ci. Ranar da muka dawo gida Goggo ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na ci har na ture kwanon da kaina. Na manta yadda ƙoshi yake. Bayan 'yan makonni na huda yatsana da safe, lambar ta fito daidai, irin ta lokacin ina ƙarama. Na miƙe da na'urar a hannu na nufi ƙofar ɗakinki. Sai da na kai bakin ƙofar na tsaya.

Daga nan jikina ya fara biyan bashin girman da aka tsayar. Na yi tsawo, na cika. Al'ada ta zo ina shekara sha shida, Goggo ce ta nuna mini abin da ake yi. Na so a ce ke ce. Sai kuma muka lura duk wata, in ta kusa zuwa, sugana yana hawa na 'yan kwanaki ya sauko. Likita ta ce haka ne ga mata da yawa, a ɗan ƙara allura a kwanakin. Baba ne ya ɗauki aikin duba lambobina, kuma kin san shi da kunya. In ya ga lambar ta hau sai ya kalli bango ya ce, "Ko baƙin naki sun kusa?" In ce e. Ya ce to, ya saɓi fartanya ya fita da sauri. Da kin gani da kin yi dariya.

Amma cikar jikin ta zo da nata. Cikin shekara guda fuskata ta yi faɗi, kayana duk suka matse ni. A makaranta aka sa mini suna Buhu. A unguwa kuma magana ta fi haka muni: yarinya ba uwa, ta yi ƙiba farat ɗaya, ana ta kai ta Kano, wai ko ciki ne. Sai da Goggo ta je har gidan wadda ta fara maganar. Na tsani madubi. Na tsani allurar da ta ceci raina, don ina ganin ita ce take kumbura ni.

A lokacin na haɗu da Rifkatu a layin ganin likita a Kano. 'Yar wani malamin makaranta ce, mutanen kudancin Kaduna, suna zaune a nan Haɗejiya, kuma sa'ata ce. Ita ce mutum ta farko da na sani mai irin ciwona. Muka shaƙu. Wata rana ta faɗa mini a ɓoye cewa ta samo maganin ƙiba: ta rage allurar yamma, wani lokaci ta bar ta gaba ɗaya, kuma ga shi siket ɗinta ya dawo daidai. Ba wanda ya sani a gidansu, sai yabon kyau ake mata.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta zauna mini a rai. Abin da ya hana ni shi ne na riga na san wannan ramar. Na zauna a cikinta shekara biyu, na san inda take kai mutum. Na faɗa wa likita damuwata, ba ta yi mini dariya ba. Ta ce wani ɓangare na nauyin nawa ne da ma, wanda ciwo ya riƙe, sauran kuma za mu daidaita shi da tafiya a ƙasa da gyaran abinci, ba da yanke allura ba. Na fara bin Yaya Sabo fadama da ƙafa da yamma. A hankali jikin ya zauna.

Rifkatu ta daɗe tana yi kafin a gane. Tana raye, ta koma garinsu, muna waya. Amma idanunta sun taɓu, yanzu sai an karanta mata saƙo. Na roƙe ta ta daina a lokacin, ta ce ni ban san yadda ake ji ba, alhali ni ce Buhu. Da na ce mata zan rubuta miki takarda, ta ce in sa labarinta a ciki.

Da na kai wajen shekara ashirin, buƙatar allurar ta fara raguwa da kanta, kamar yadda likita ta ce za ta yi in girma ya kammala. Guguwa ce ta 'yan shekaru, ta zo ta wuce. Abin da ke ci mini rai ke nan, Inna. Ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne. Magana ce da ba ta fi a faɗe ta a zama ɗaya ba. Ke da kika koyi allura a jikin lemo, da wani ya zaunar da ke ya yi miki bayani, da kin riƙe shi fiye da kowa. Da kin ji tsoron ƙarin, na sani, amma da kin yi. Da shekarunmu biyu na ƙarshe mun yi su muna hira. Da na faɗa miki abin da ke damuna, da kin ba ni labarin yadda naki girman ya zo. Ba ni da ko ɗaya daga cikin wannan.

Yanzu in na ga uwa a layin asibiti tana harar 'yarta budurwa saboda lamba, nakan matsa kusa in gaishe ta. Nakan ce kafin ta tambayi yarinyar me ta ci, ta tambayi likita ko adadin ya yi mata kaɗan. Wasu yaran suna ci a ɓoye, gaskiya ne, yunwa ba wasa ba ce. Amma ko su ba tuhuma suke buƙata ba. Wasu matan suna saurarata, wasu su ce ina ruwana.

Makon jiya na kai wa Baba abinci. Na haɗa masa da kankana, don yanzu lokacinta ne, ta cika kasuwa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya riƙe bai ci ba. Ya ce duk duniya ba abin da kike so kamar kankana da furar gero mai nono. Na ce ni ban taɓa ganin kin sha ba. Ya ce, "Ina za ki gani? Tun ranar da aka ce kina da suga ta bari."

Sai ya ci gaba. Ya ce lokacin da kika rage mini tuwo, kin rage naki daidai da nawa. Da kwanon da kike auna mini kike auna wa kanki, sai ki shige ɗaki ki ci don kada in lura. Ya ce ya yi miki faɗa ba sau ɗaya ba, ga aikin banda a gaban wuta, ga ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Kika ce masa ba za ki iya ƙoshi 'yarki tana kwana da yunwa ba, kuma kina so ki san ko abin da kike ba ni yana isar mutum. Ya ce ya tambaye ki, to yana isa? Kika ce, "Ba ya isa. Shi ya sa na san dole tana ci a wani wuri."

Inna, ashe tare muka yi yunwar nan, ɗaki ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Na tambayi Baba ko wannan ne ya sa zazzaɓin ya fi ƙarfinki. Ya ce kwana ne ya ƙare, kada in ɗora wa kaina abin da Allah bai ɗora mini ba. Na karɓi maganarsa, don ba ni da wata.

Ban riƙe ki da komai ba, Innata. Da can na riƙe, ina yarinya, amma ya daɗe da narkewa. Kin yi aiki da abin da aka faɗa miki da abin da idonki ya gani, kuma tsoron rasa ni ne ya sa. Ina nan da raina, da idona, da ƙafafuna. Mijina ya san inda nake ajiye dabino saboda faɗuwar suga, ya kuma iya yi mini allura in na gaji. Ki kwantar da hankalinki.

Ya Allah, Ka jiƙan Hajara. Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi. Ka saka mata da alheri a kan kowace safiya da ta tashi saboda ni. Ka sanar da ita abin da ba ta samu ji ba a duniya. Ka ba iyayen yara masu wannan ciwo haƙuri da sani, Ka ba yaran wanda zai yarda da su. Ka haɗa mu a Aljanna Firdausi, Ka zaunar da ita a inuwa, Ka shayar da ita, Ka ciyar da ita daga abin da ranta yake so har ta ƙoshi. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Taki har kullum,
autarki,
Bilkisu